Sansani ko Taro? Tarihin Fitar Kiristoci Karkara a Yankin Illela da Ƙonni

Gabatarwa

Daga cikin al'adun da suka shigo ƙasar Hausa tare da Turawan mishan akwai wata wadda manazarta ba su cika waiwayarta ba, watakila don masu yin ta 'yan kaɗan ne a cikin Hausawa, watakila kuma don a bayan gari ake yin ta, inda idon malamin jami'a bai cika kaiwa ba. Wannan al'ada ita ce ta Kiristoci su bar gidajensu su tafi wani wuri a karkara, su yi kwana uku ko mako guda a cikin rumfuna da bukkoki, suna karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a da waƙe-waƙe, suna ci daga tukunya guda. A Amurka da Ingila yara da matasa aka fi shirya wa irin wannan fita, a lokacin dogon hutun makaranta. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun al'adar tun daga inda ta tsiro har zuwa yankin Illela da Birnin Ƙonni, wato bakin iyakar Nijeriya da Nijar, a ga yadda ta kasance bayan da ta haɗu da damina da rani da harshen Hausa. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, da ta iso nan sai lokacinta ya sake, masu halartarta suka sake, dalilin halartar ma ya sake, har ta koma kama da yadda take tun farko kafin birni ya karɓe ta daga hannun manoma.

Na zaɓi wannan yanki ne saboda a nan ake iya ganin al'umma guda, mai harshe guda, wadda ƙungiyar mishan guda ta yi wa aiki a ƙarƙashin mulkin mallaka iri biyu.

Inda abin ya samo asali

Tushen al'adar biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su, domin haɗa su da ake yi shi ke kawo ruɗani.

Tushe na farko na manoma ne. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 mutanen da suka yi ƙaura zuwa dazuzzukan yammacin Amurka ta wancan lokaci sun zauna a warwatse, gona nesa da gona, ba majami'a ba mai wa'azi. Sai suka riƙa haɗuwa sau ɗaya a shekara a wani fili, kowa da keken dokinsa da guzurinsa, su kwana nan har a gama. Mafi shahara cikin waɗannan tarurruka shi ne wanda aka yi a Cane Ridge ta jihar Kentaki cikin watan Agusta na 1801, a ƙarƙashin wani mai wa'azi Barton Stone, inda aka ƙiyasta mahalarta tsakanin mutum dubu 10 da dubu 20. Abin lura shi ne lokacin da suke zaɓa: bayan an gama noma, kafin girbi ya kama, wato sa'ad da manomin can ke samun sararin ajiye fartanya. Kalandar gona ce ke yanke ranar taro.

Tushe na biyu na birni ne, ya kuma zo daga baya. Da masana'antu suka cika biranen Turai da Amurka da hayaƙi da cunkoso, sai iyaye da malamai suka fara ganin cewa yaron birni ya yi laushi, yana bukatar a fitar da shi daji ya ɗanɗani wahala, ya kwana a ƙasa, ya ɗebo ruwa da kansa. A 1883 William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo, ya kuma fita da yaransa sansaninsu na farko a 1886. A Amurka kuwa Sumner Dudley ya fara sansanin ƙungiyar YMCA a 1885. Manya su ma ba a bar su a baya ba, domin tun 1875 aka fara taron shekara-shekara na Keswick a arewacin Ingila, inda ake kafa babbar tanti ana wa'azi a kan tsarkake rayuwa.

Wannan taro na Keswick ya shafe mu kai tsaye. Rowland Bingham, wanda shi da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka Ikko a 1893 da niyyar isa ƙasar Sudan, shi kaɗai ya rayu cikin ukun, shi ne kuma ya ja ragamar ƙungiyar Sudan Interior Mission, wato SIM, har ƙarshen ransa. A 1924 Bingham ya buɗe nasa wurin taron Keswick a bakin wani tafki a yankin Muskoka na ƙasar Kanada. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyarsa ta buɗe tasharta ta farko a ƙasar Nijar, a Damagaram. Ke nan Turawan da suka zo ƙasar Hausa da sunan SIM mutane ne da suka tashi a cikin wannan al'ada. Da yawa daga cikinsu a irin waɗannan tarurruka suka ɗauki alkawarin zuwa Afirka. Ba abin mamaki ba ne da suka yi wa kansu wurin hutu da taro a Miyango, kan tsaunukan Jos, tun farko-farkon zamansu.

Iyaka da abin da ta haifar

Illela tana wajen kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, tsakaninta da Birnin Ƙonni kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Ƙasar da take ciki tana daga cikin wuraren da Muhammadu Maiturare, Marafan Gwadabawa, ya raya a ƙarshen ƙarni na 19 kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Ƙonni ta sha wuta a hannun rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Mayu na 1899. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya sa Ƙonni a rabon Ingilishi. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram sai suka nemi gyara, aka yi shi a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka kuma kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Da haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, Illela ta zauna a hannun Ingila, 'yan uwa suka wayi gari a ƙasa biyu.

A ɓangaren Ingilishi, alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato cikin Maris na 1903, cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, shi ya zama hujjar hana 'yan mishan shiga masarautu na tsawon shekara talatin da wani abu. Inda aka yarda musu ma, akwai dokar da ta ce mazaunin Bature ya nisanci gidajen mutanen gari da yadi 440. Ƙofar da ta buɗe musu a ƙarshe ita ce ta kuturta: daga wajen 1937 hukumomin En'e suka danƙa wa SIM kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kudu da Sakkwato. Shobana Shankar ta yi bayanin wannan zamani filla-filla a littafinta na 2014. Abin da ya kamata mu ɗauka daga nan shi ne, Kiristancin Hausawan lardin Sakkwato a bayan gari aka haife shi, a cikin marasa lafiya da marayu da 'yan aikin asibiti. Mutumin da tun asali a daji aka ajiye shi ba ya bukatar a fitar da shi daji don ya san wahala.

A ɓangaren Faransa matsalar daban ce. Faransawa ba su yi wa kowa alkawari irin na Lugga ba, amma suna zargin Turawan SIM, masu jin Ingilishi, da zama 'yan leƙen asiri, zargin da ya yi tsanani a zamanin gwamnatin Vichy cikin yaƙin duniya na biyu. Har ila yau dokar 1922 ta wajabta cewa duk makarantar da za a buɗe a Afirka ta Yamma ta Faransa sai da Faransanci za a koyar, alhali kuwa 'yan SIM Hausa suka koya, da ita kuma suke son aiki. Duk da haka sun kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'an nan zangon kutare na Danja cikin shekarun 1950. Galmi, garin nan da albasarsa ta yi suna, tana wajen kilomita 50 gabas da Ƙonni, saboda haka ta fi Amanawa kusa da mutumin Illela. Da gwamnatocin jihohin Arewa suka karɓe asibitoci da makarantun mishan cikin shekarun 1970, Galmi ta ci gaba da zama a hannun SIM, marasa lafiya daga ƙasar Sakkwato kuma suka ci gaba da ƙetara iyaka zuwa can.

Ekklesiyoyin da suka fito daga wannan aiki su ma iyakar ta raba su: ECWA a Nijeriya, wadda aka kafa a 1954, da EERN a Nijar, wadda ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960. Suna biyu, shugabanci biyu, amma Littafi Mai Tsarki guda, wato fassarar Hausa ta 1932 wadda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, da littafin waƙoƙi guda. A cikin garin Illela kanta, kamar sauran garuruwan kan iyaka, yawancin masu zuwa majami'a baƙi ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga kudu da tsakiyar Nijeriya da ƙasar Zuru. Su kuwa Hausawa Kiristoci 'yan ƙasa a warwatse suke, gida ɗaya a wannan ƙauye, gida biyu a wancan, mafi yawansu a hayin Nijar.

Bazara, damina da rani

A nan ne al'adar ta yi karo da abin da ya fi gwamna ƙarfi, wato yanayi. 'Yan jarida da masu fassara sun saba kiran lokacin zafin Turai da sunan bazara, amma wannan fassara tana ɓatar da mai karatu. Bazararmu daga Maris zuwa Mayu take, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, ana sharar gona ana duban gabas. Lokacin zafin Turawa kuwa daga Yuni zuwa Agusta ne, wanda a wurinmu shi ne tsakiyar damina. A ƙasar Illela da Ƙonni ruwan shekara duka a cikin wata uku ko huɗu yake sauka. Wanda ya bar gonarsa mako guda a watan Yuli ya bar wa ciyawa geronsa, wanda kuma ya gayyaci baƙi ɗari a watan Agusta ya gayyace su ga rumbun da ya kusa ƙarewa. Rumfar zana ba ta tare ruwan marka, sauro ya yi yawa, hanyoyin ƙauye sun yanke. Babu wani dattijon ekklesiya mai hankali da zai kira taro a wannan lokaci.

Saboda haka taron mutanen karkara ya koma bayan kaka. Daga an yi girbi a watan Oktoba har zuwa kafin zafin bazara ya tsananta, hatsi yana nan, karan dawa da gamba na yin zana suna nan, hanya ta bushe, dare kuma ga farin wata. Bukukuwan Kirsimati da Ista, waɗanda dukkansu a cikin rani suke faɗowa, sun zo daidai da wannan tsari. Kuma tafiyar rani ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan yanki. Ƙidayar da R. M. Prothero ya yi nazari a kanta, ta ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna mutane fiye da dubu 200 sun bi hanyoyin lardin Sakkwato zuwa cin rani, cikinsu har da masu yawa daga ƙasar Faransa. Malamai da almajiransu su ma da rani suke fita, su kafa bukkoki a bayan wani gari, su yi karatu a gindin wuta. Manomin da ya naɗe tabarmarsa ya ɗaura ƙullin gari ya nufi taron ekklesiya bai yi abin da maƙwabcinsa zai yi mamaki ba. Idan aka lura, wannan shi ne ainihin abin da manoman Kentaki suka yi a 1801: mutane ne a warwatse, suna haɗuwa a lokacin da gona ta sake su.

Amma fa sansanin irin na birni bai mutu ba. Ya sami mazauni a wurin 'yan makaranta. Boys' Brigade ta shigo Nijeriya ta Ikko a 1908, daga baya ta bazu cikin ekklesiyoyin Arewa, ita da takwararta ta 'yan mata, har mutane suka san su da 'yan birged, masu kaki da ganga da fareti. A 1957 aka kafa ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS a Gindiri. Waɗannan kalandar makaranta suke bi, dogon hutu kuwa, a Nijeriya da Nijar duka, a cikin damina yake faɗowa. To, tun da ba a iya kwana a fili, sai a ari wata makarantar kwana, a shimfiɗa tabarmi a azuzuwa. Ga abin dariya a nan: yaron Gilasgo ya bar gini ya tafi tanti don ya ji daɗin wahala, yaron ƙauyen Galmi kuwa ya bar ɗakin laka ya tafi ginin siminti mai rufin kwano, yana kuma ganin ya ci gaba. Ga kuma abin da ba na dariya ba: uban da ke da 'ya'ya uku masu iya riƙe hauya, in ya sake su mako guda a watan Agusta, ya san abin da ya rasa. Wannan jayayya tsakanin kalandar gona da kalandar boko ba ta Kiristoci ce kaɗai ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Ikko a 1954, ta fi yin nata babban taron hutu a watan Disamba, wanda ya fi sauƙi ga ɗan manomi.

Yadda zaman yake

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan taro na karkara zai shaida cewa ba a kashe masa kuɗi mai yawa. Kwana biyu ko uku kafin ranar, samarin ekklesiyar da ke karɓar baƙi sukan share fili kusa da rijiya ko gindin wata babbar itaciya, su kafa dirkoki, su ɗora zana, su yi babbar rumfa ta sujada. A gefe guda a kewaye wurin kwanan mata da yara, a ɗaya gefen na maza, a haƙa masai can nesa, a yi makewayi. Kowace ekklesiya takan zo da rabonta na gero ko dawa, da kuka da daddawa, wani lokaci da akuya. Mata su kafa murahu a jere, 'yan mata su kama daka da ɗiban ruwa. Mai zuwa yakan zo da tabarma da bargo, domin hunturun Sakkwato da asuba ba wasa ba ne, da kwano, da fitila, da littafinsa a cikin jaka.

Akan tashi tun da jijjifi a yi addu'a, a sha koko, sa'an nan a rarraba mutane aji-aji: masu shirin baftisma, masu koyon karatu, dattawa, matasa. Da rana ta take a huta, da la'asar a koma wa'azi, da dare kuma a ba ƙungiyoyi fili su yi waƙa. A ranar ƙarshe akan yi baftisma in akwai ruwa kusa, a ci Jibin Ubangiji, a tara baiko, a sanar da inda za a haɗu baɗi.

Wannan shi ne abin da ke rubuce a tsarin taro. Abin da ba a rubutawa ya fi shi yawa, a ganina kuma shi ne ƙashin bayan al'adar. Mutumin da shekara guda cur shi kaɗai ne mai addininsa a ƙauyensu, wanda watakila 'yan uwansa sun daina cin abinci da shi, a nan yake ganin ɗaruruwa irinsa. A nan uwa take duba wa ɗanta mata, domin ƙaramar jama'a warwatsattsiya babbar matsalarta ita ce aure. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin ƙasar Maraɗi, ta nuna yadda sha'anin aure ya daɗe yana wahalar da wannan al'umma. A nan ake jin wa ya rasu, wa ya haihu, ina ake neman ma'aikaci, wane iri ne ya yi kyau bana. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma kalmar zumunta ɗin ce Kiristoci suka ɗauka suka sa wa ƙungiyoyinsu.

Waƙa ma a irin wannan fili ta sami 'yanci. Turawan SIM na farko ba su yarda da kiɗa da rawa a sujada ba, suna ganin suna da alaƙa da bori; waƙoƙin da suka fassara kuwa karinsu na Turai ne, sau da yawa yakan taka karin sautin Hausa har ma'anar kalma ta karkace. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata su ne suka fi kowa dawo da amshi da tafi da tulu da kacau-kacau da ganga, suna tsara waƙoƙinsu da kansu bisa karin da suka gada daga wurin daka da dandali. Abin da ba zai yiwu a gaban Bature a cikin majami'ar tasha ba, ya yiwu da dare a ƙarƙashin rumfa. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a 1963, ya ƙara wa wannan wuta itace, domin ya tura talakawan ekklesiya ƙauyuka da rani suna wa'azi da waƙa da Hausa.

Batun suna da kalmomi

Masu fassara sukan ce sansani, amma kalmar ba ta zauna sosai a bakin mutanen karkara ba, kuma akwai dalili. Sansani a asali wurin saukar mayaƙa ne, kamar yadda sunayen Sansanin Hausa a bakin Kwara da Sansanin Mango a ƙasar Togo ke tuna mana. A zamaninmu an faɗaɗa ta zuwa sansanin alhazai, da na masu yi wa ƙasa hidima, da na 'yan gudun hijira, amma ko'ina ta je tana ɗauke da ƙamshin hukuma da horo. Ta dace da 'yan birged, masu fareti da busa ƙaho. Ba ta dace da tsohuwa mai jika a goye ba. Zango na matafiya ne da fatake, masu wucewa zuwa wani wuri. Tunga kuwa, wadda ta yawaita a sunayen ƙauyukan Sakkwato da Kabi, mazauni ce ta masu neman abinci, manoma ko masunta. Kalmar da ta ci ita ce mafi sauƙi: taro. Akan ce taron shekara, babban taro, taron mata, taron zumunta, taron falkaswa. Wato abin da Bature ya kira da sunan wurin kwana, Bahaushe ya kira shi da sunan haɗuwar mutane. 'Yan makaranta ne kaɗai suka riƙe kalmar aro, na Nijeriya da lafazin Ingilishi, na Nijar da lafazin Faransanci.

Kalmar falkaswa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Bakano zai ce farka da farkarwa. Falka da falkaswa kuwa siffar Hausar yamma ce, mai sa l a gurbin r, mai kuma riƙe tsohuwar s ta aikatau mai sa aiki. Ga ta nan ta zauna daram a bakin Kiristocin Jos da Kaduna da Adamawa, waɗanda galibinsu Hausa ba harshen uwa ba ne gare su.

Sauran kalmomin taron kuwa yawancinsu daga taskar Musulunci aka ɗebo su, aka ɗan karkata ma'anarsu. Sujada, wadda a wurin Musulmi sa goshi a ƙasa ce, ta zama sunan ibadar jam'i gaba ɗaya. Almajiri ya zama mabiyin Almasihu. Sura da aya, da wa'azi da addu'a da azumi da tuba, duk sun shigo yadda suke, har gasar haddace ayoyi da ake yi wa yara tana kama da abin da aka sani a makarantar allo. Wasu kuma daga tsohuwar Hausa suka fito: baiko, wanda sauran Hausawa suka sani a sha'anin aure, ya zama abin da ake bayarwa a sujada, jibi, tsohuwar kalma ta abinci wadda ta kusa ɓacewa a bakin matasa, ta sami mafaka a Jibin Ubangiji. Ekklesiya da baftisma ne fitattun baƙi, asalinsu kuma Girkanci.

Akwai wani abu kuma da ya shafi tarihin rubutun boko, wanda ban ga an ba shi haƙƙinsa ba. Kafin taron Bamako na 1966, inda aka zauna daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, makarantar gwamnati a Nijar ba ta koyar da Hausa. Amma manomi Kirista na ƙasar Ƙonni ko Gobir ko Katsinar Maraɗi, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, yana karanta Hausar boko da ƙa'idar rubutun Nijeriya, domin littattafansa daga hayin Nijeriya ake kawo su, a ajin karatu na tasha da na taro kuma ya koya. Yana magana da Hausar yamma, yana karatu da wadda ta fi kusa da ta Kano. Masu nazarin yaɗuwar Daidaitacciyar Hausa sukan ambaci Gaskiya Ta Fi Kwabo da Yaƙi da Jahilci da rediyo. Ya kamata a ƙara musu da rumfar taro.

Halin da ake ciki

Abubuwa uku sun taɓa wannan al'ada a 'yan shekarun nan, kuma duk sun fi tsanani a bakin iyaka. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai da wasu garuruwan Nijar cikin zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, abin da ya sa ekklesiyoyi suka fara gina katanga inda da babu. Sa'an nan ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye gabashin jihar Sakkwato. An kai hari kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, an kuma kashe mutane a ƙauyukan Illela a watan Nuwamba na shekarar. Wannan bala'i bai tambayi addinin kowa ba, ya hana manomi gonarsa, ya hana almajiri fitar rani, ya kuma sa tara ɗaruruwan mata da yara su kwana a fili ya zama ganganci. Daɗin daɗawa an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 aka buɗe.

Sakamakon haka taro yana ta ƙaura daga gindin itace zuwa harabar majami'a ko makaranta a cikin gari, mai ƙofa da masu gadi. Rumfar haya ta leda ta maye gurbin zana, kujerar roba ta maye gurbin tabarma, lasifika da janareto sun shigo, kwanakin ma an rage su. Manomin da a da yake karɓar baƙi a filinsa da hatsin rumbunsa, yanzu shi ne baƙon, sai ya nemi kuɗin mota da na rajista; in taron ya faɗo ranar Lahadi kuma a Illela, ranar da kasuwar garin ke ci, sai ya zaɓa tsakanin sujada da sayar da ɗan akuyar da zai biya kuɗin motar da shi. Tsofaffin da suka ga tarurrukan shekarun 1950 da 1960 a ƙasar Tsibiri da Galmi da Amanawa sun kusa ƙarewa, waƙoƙin matan wancan zamani kuwa, waɗanda da Hausar Gobir da Adar aka tsara su, ba su shiga littafin waƙoƙi ba, a bakin jikokinsu kawai suka rage.